Darasi na Tara: Kare Tambarin Kamfani da Haƙƙin Mallakarsa

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bambance rajistar kamfani da rajistar tambari da kuma haƙƙin mallaka;
2. lissafa matakan da ake bi a yi wa tambari rajista a Najeriya;
3. faɗin wanda doka ta ba haƙƙin aikin da ma'aikaci ko ɗan kwangila ya yi wa kamfani;
4. sanin inda ake kai kuka idan an yi jabun kayan kamfani ko an saci fasaharsa.

Gabatarwa

Masu sana'a da yawa, da zarar takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta shigo hannunsu, sai su sa ta a gilashi su rataye a bangon shago. Daga nan hankali ya kwanta, a ganinsu suna ya zama nasu, tambari ya zama nasu, ba mai taɓa su. Wannan kuskure ne, kuma yana jawo asara mai yawa. Takardar CAC kamar takardar haihuwa ce: tana shaida cewa an haifi kamfani, ga kuma sunan da aka raɗa masa. Amma ba wanda ke zuwa gaban alƙali da takardar haihuwa ya ce ita ce shaidar mallakar gonarsa. Sunan da ke jikin kayan kamfani, da zanen ledarsa, da waƙar tallarsa, dukiya ce dabam, kowace da dokarta, da ofishinta, da hanyar tsare ta.

1. Kamfani mutum ne a idon doka

Dokar kamfanoni da ake aiki da ita yanzu ita ce wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ta maye gurbin ta 1990. A ƙarƙashinta, ko mutum ɗaya zai iya kafa kamfani mai zaman kansa. Da zarar an yi wa kamfani rajista, doka tana ɗaukarsa mutum mai cin gashin kansa, dabam da waɗanda suka kafa shi. Yana saye da sayarwa, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kuma kai shi. Mai shi zai rasu, kamfani yana nan. Wannan ne ya bambanta shi da rajistar sunan kasuwanci kawai, inda sana'a da mai ita abu ɗaya ne.

Ma'anar wannan ita ce, dukiyar mai kamfani ba ta kamfani ba ce. Mu ƙaddara wata mata a Zariya ta daɗe tana yin sabulu, ta kuma yi wa tambarin sabulun rajista da sunanta. Daga baya ta haɗa jari da ƙannenta biyu suka kafa kamfani. Tambarin nan yana nan nata ita kaɗai, har sai ta miƙa shi ga kamfanin a rubuce, an kuma shigar da miƙawar a ofishin rajista. Idan ba a yi haka ba, ranar da ta rasu tambari ya shiga cikin gado, kamfani ya wayi gari yana sayar da sabulu da sunan da ba nasa ba.

Abu na biyu, CAC sunan kamfani take dubawa, ba sunan kayan da yake sayarwa ba. Kamfanoni biyu masu suna dabam-dabam za su iya buga suna ɗaya a jikin ledar ruwa, CAC ba ta sani ba. Bugu da ƙari, doka ta ba ta ikon ƙin karɓar sunan kamfanin da ya ci karo da tambarin da wani ya riga ya yi wa rajista. Ke nan a fagen sunan kaya, rajistar tambari ce ke da ta cewa.

2. Mene ne tambarin kasuwanci?

Tambari, ko alamar kasuwanci, shi ne duk abin da mai saye ke gane kayanka da shi a cikin na wasu: suna, kalma, harafi, lamba, zane, sa hannu, ko haɗin waɗannan. Matar da ta shiga Kantin Kwari ta juya bakin atamfa tana duba rubutun da ke jiki, tambari take nema. Manomin da bai yi karatun boko ba amma ya gane maganin feshinsa da hoton da ke jikin jarka, da tambari yake ciniki. Amanar da kamfani ya shekara yana ginawa tana rataye a jikin wannan alama, shi ya sa ita mai jabu ke fara sacewa.

Dokar da ke kula da wannan fage ita ce Dokar Alamomin Kasuwanci ta 1965. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Wani gyara da aka sa wa hannu a 2023 ya fayyace cewa ba kayan sayarwa kaɗai ba, masu yin hidima ma, irin su makarantu da otal-otal da kamfanonin sufuri, suna da damar yi wa alamarsu rajista.

Ba kowane suna ake karɓa ba. Kalmar da ke siffanta kayan kai tsaye, kamar a sa wa ruwa "Mai Sanyi" ko shinkafa "Mai Kyau", ta kowa ce, ba a ba mutum ɗaya. Haka sunan gari tsurarsa yana da wuyar karɓuwa. Ana ƙin alamar da za ta ruɗi mai saye, da wadda ta saɓa wa doka ko tarbiyya, da mai ɗauke da tambarin ƙasa, da wadda ta yi kama da ta wani a kan kaya iri ɗaya. Sunan da ya fi ƙarfi shi ne ƙirƙirarre, ko wanda ba ruwansa da siffar kayan.

Ana yin rajista rukuni-rukuni. Tsarin da duniya ke bi yana da rukuni 45: guda 34 na kaya, 11 na hidima. Sabulu da turare da man shafawa suna rukuni na 3, magunguna na 5, yadi na 24, tufafi da takalma na 25, nama da madara da man girki na 29, shinkafa da gari da kayan yaji na 30, ruwa da lemo na 32, gidajen abinci na 43. Kamfanin da ke yin kilishi kuma yana yin zoɓo, rajista biyu yake buƙata, domin ta rukuni na 29 ba za ta rufa masa asiri a rukuni na 32 ba.

3. Matakan rajistar tambari

Akasari ana bi ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi. Ga yadda aikin ke tafiya:

1. Bincike. Ana duba kundin ofishin ko wani ya riga ka. A yi wannan kafin a buga kwali ko leda, ba bayan an kashe kuɗi ba.
2. Shigar da buƙata da sunan kamfani, tare da hoton tambarin da rukunin da ake so. Ofishin zai ba da takardar shaidar karɓa.
3. Tantancewa. Idan ba a ga matsala ba, sai a ba da takardar amincewa.
4. Bugawa a mujallar ofishin, don duniya ta gani.
5. Jiran wata biyu. A cikinsu duk mai ja yana iya shigar da ƙorafi.
6. Idan ba wanda ya ja, ko an ja an yi nasara, sai a ba da satifiket.

Takardar karɓa da ta amincewa ba su ne rajista ba, satifiket ne rajista. Laifi ne a doka mutum ya nuna cewa tambarinsa na da rajista alhali ba shi da ita, don haka kada a buga alamar ® a jikin kaya sai satifiket ya fito.

Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabunta ta duk shekara 14, ba iyaka. Amma tambarin da aka ajiye ba a amfani da shi har shekara 5 a jere, wani na iya neman a soke shi. Masu yin abinci da magani da kayan shafe-shafe su kuma sani cewa hukumar NAFDAC na neman shaidar rajistar tambari a cikin takardun rajistar kaya.

4. Abin da kotuna suka koyar

Wanda bai yi rajista ba, doka ba ta ba shi damar kai ƙarar keta tambari ba. Hanyar da ta rage masa ita ce ƙarar sojan gona, wato ya nuna cewa wani na sayar da kayansa yana sa jama'a su zaci nasa ne. Ana cin nasara ta wannan hanya. A 1961 kotu ta hana wani kantin magani a Anacha amfani da sunan Nigeria Chemists, saboda akwai wanda ya riga shi a garin da sunan Niger Chemists, kuma sunayen biyu za su ruɗi masu saye. A 1972 masu alewar minti ta Trebor sun yi nasara a kan masu Minta Supermint saboda kamannin takardar naɗe alewar. Sai dai hanya ce mai tsawo: sai ka kawo shaidu cewa an san ka, cewa an ruɗu, cewa ka yi asara ko kana gab da yi. Mai satifiket kuwa da hujjarsa a hannu yake shiga kotu.

Shari'ar da ya kamata kowane mai kamfani ya riƙe ita ce ta Ferodo da Ibeto, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2004. Kamfanin Ferodo na Ingila, mai yin kayan birkin mota, ya yi ƙarar cewa kwalin da Ibeto ke zuba nasa kayan ya kwaikwayi launuka da zanen kwalinsa. Kotu ta ce abin da Ferodo ya yi wa rajista shi ne kalmar Ferodo, adon kwali ba ya ciki, kayan Ibeto kuwa sunansu Union. Ferodo ya faɗi. Darasin a fili yake: abin da ka rubuta a takardar rajista shi kaɗai za a kare maka. Idan da zanen kwali mutane ke gane kayanka, to ka sa shi a cikin abin da kake nema wa rajista.

5. Haƙƙin mallaka

Tambari yana kare alamar da ake gane kaya da ita. Haƙƙin mallaka kuwa yana kare aikin basira da kansa. Dokarsa ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da ita. Ayyuka iri shida take karewa: rubuce-rubuce, kiɗa da waƙa, zane-zane da hotuna, finafinai, sautin da aka naɗa, da shirye-shiryen rediyo da talabijin. Manhajar kwamfuta tana cikin rubuce-rubuce.

Kada mai kamfanin taki ko na sufuri ya ce wannan ta 'yan fim da mawaƙa ce. Zanen tambarinka, da hotunan kayanka, da waƙar talla, da littafin horar da ma'aikata, da rubutun shafinka na intanet, duk suna ƙarƙashin wannan doka.

A nan ba sai an yi rajista ba. Da zarar an ƙirƙiri aiki, an kuma ajiye shi a wani abu tabbatacce, takarda ko faifai ko kwamfuta, haƙƙi ya tabbata. Duk da haka hukumar na da kundin da mutum zai shigar da aikinsa in ya so, kuma takardar da take bayarwa hujja ce mai amfani ranar jayayya. Rubutu da kiɗa da zane ana kare su tsawon ran mai su da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Fim da hoton kyamara da sautin da aka naɗa shekara 50 ne daga lokacin da aka fitar da su ga jama'a.

Doka ba ta kare dabara tsurarta, sai yadda aka zuba ta a aiki. Sirrin haɗin turare ko na yaji ba ya cikin haƙƙin mallaka. Ana tsare shi ne ta hanyar taƙaita waɗanda suka sani, da sa ma'aikata su sa hannu a kan alƙawarin riƙe sirri. Zanen da aka yi don a riƙa buga shi a masana'anta, kamar na atamfa ko siffar kwalba, shi ma ƙofarsa dabam: dokar 1970 ta ƙirƙira da zanen masana'antu, inda rajista ke yin shekara 5, a sabunta sau biyu, kuma sharaɗi ne zanen ya kasance sabo lokacin da aka kawo shi.

6. Aikin na wane ne?

Nan ne kamfanoni suka fi faɗawa rami. Mutane na ɗauka cewa duk wanda ya biya kuɗin aiki shi ke da aikin. Dokar Najeriya ba haka ta ce ba. Asalin hukunci shi ne haƙƙin na wanda ya ƙirƙiri aikin ne, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Gwamnati da hukumominta doka ta ware su, ta ba su haƙƙin aikin ma'aikatansu, amma kamfani mai zaman kansa sai ya nema wa kansa ta hanyar yarjejeniya. Doka ta kuma ce sayar da haƙƙi, ko ba wa mutum ɗaya lasisin da ya keɓanta da shi, ba ya tabbata sai a rubuce.

Saboda haka yaron da ya zana maka tambari a shagon buga takardu, ka biya shi kuka rabu da fatar baki, yana iya zama shi ne mai haƙƙin zanen. Haka mawaƙin da ya rera maka talla, da mai hoton da ya ɗauki kayanka, da wanda ya haɗa maka manhaja. A harkar fim, doka na ɗaukar wanda ya shirya yin fim ɗin a matsayin mai shi, amma labarin da marubuci ya rubuta da waƙar da aka sa a ciki ayyuka ne masu zaman kansu, sai an daidaita da masu su.

Maganin wannan ba shi da tsada. A sa sharaɗi a takardar ɗaukar kowane ma'aikaci cewa abin da ya ƙirƙira a bakin aikinsa na kamfani ne. Ɗan kwangila kuma a rubuta da shi kafin ya fara: wane aiki, nawa za a biya, me aka miƙa, har zuwa yaushe. A yi masa adalci a farashi, domin abin da yake saki dukiya ce. Abu biyu ba sa sayuwa muddin yana raye: haƙƙinsa na a ambace shi a matsayin mai aikin, da na hana a lalata aikin ta yadda zai zubar masa da mutunci.

7. Haƙƙin wasu a wuyan kamfani

Yadda kake so a kiyaye naka, haka za ka kiyaye na wasu. Ɗauko hoto daga intanet a sa a talla, ko ɗora waƙar wani a bidiyon kaya, ko aiki da manhajar sata a ofis, duk keta haƙƙi ne. Otal da ɗakin taro da gidan rediyo masu sa kiɗa ko nuna fim ga jama'a suna buƙatar lasisi, kuma akwai ƙungiyoyin da ke karɓa a madadin masu ayyukan, irin su MCSN ta kiɗa da AVRS ta finafinai. Idan kamfani ya yi laifi, ba ya ƙarewa a kansa: ana iya kama daraktoci da manajoji da laifin, sai in sun nuna ba da saninsu aka yi ba kuma sun yi iyakar ƙoƙarinsu na hanawa.

Akwai masu cewa ai basira baiwa ce daga Allah, ba a mallakarta. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, da ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC, ta duba wannan batu a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya, kuma bai halatta a keta su ba.

8. Idan kaya za su ƙetare iyaka

Rajistar Abuja a iyakar Najeriya take tsayawa. Wanda ke kai kaya Maraɗi ko Damagaram ko Garwa yana buƙatar wata. Nijar da Kamaru da Chadi da Benin suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI, mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977. Rajista ɗaya a can tana aiki a dukan ƙasashen, shekara 10 take yi, ana kuma sabuntawa. Najeriya ba ta ciki. Haƙƙin mallaka ya fi sauƙi: Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993, don haka littafi ko waƙar da aka yi a nan na samun kariya a sauran ƙasashen yarjejeniyar ba tare da rajista ba.

9. Idan an taɓa kamfaninka

Kada ka tara yara ka je shagon mutum, za ka mayar da gaskiyarka laifi. Fara da tara hujja: sayi jabun, karɓi rasit, ɗauki hoto, rubuta rana da wuri. Sannan lauya ya rubuta takardar gargaɗi. Rigingimu da yawa a nan suke mutuwa, musamman in an sa shugabannin kasuwa a tsakani. Idan abin ya ƙi, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Tana iya ba da umarnin a daina, a biya diyya, a miƙa ribar da aka ci, ko a kama kayan. Satar fasaha a kai rahotonta ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, jabun abinci da magani kuma ga NAFDAC. Idan a intanet aka ɗora aikinka, dokar 2022 ta ba ka damar rubuta wa masu shafin su sauke shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa takardar CAC ba ta isa ta kare sunan da ke jikin kayan kamfani ba?
2. Kawo matakai shida na rajistar tambari, ka faɗi tsawon rajistar farko da na sabuntawa.
3. Wane darasi ke cikin shari'ar Ferodo da Ibeto?
4. Kamfani ya biya mawaƙi ya yi masa waƙar talla, ba a rubuta komai ba. Wa ke da haƙƙin waƙar, kuma me ya kamata a yi tun farko?
5. Kamfanin man gyaɗa a Kano yana so ya fara sayarwa a Maraɗi. Wace rajista yake buƙata?

Aikin gida

Zaɓi sana'arka ko ta wani na kusa da kai. Raba takarda gida uku. A gida na farko rubuta duk suna da zane da hoto da waƙar da sana'ar ke amfani da su. A na biyu rubuta wanda ya yi kowane. A na uku rubuta takardar da ke nuna cewa na sana'ar ne. A zo da ita aji mu tattauna.

Kammalawa

Jama'a, duk layin da kuka tarar gida na uku babu komai a ciki, to wannan dukiya ba ta gama shiga hannunku ba. Ku nemi wanda ya yi aikin tun kuna shiri da shi, ku rubuta, ku sa hannu gaban shaidu. Ku kai tambarinku rajista da sunan kamfani tun yana ƙarami, ku kuma rubuta ranar sabuntawa inda ba za a manta ba. Kuɗin rajista da na lauya ba su kai kuɗin shari'a ba, balle asarar sunan da kuka sha wahala kafin jama'a su yarda da shi. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu.